'Yan Kunnen Hajiya a Yashin Shu'aiba

Matata ta binne 'yan kunnenta na zinare a yashin bakin teku, ta dawo Makka babu su. Ni na koma nema da injin gano ƙarfe. Aka tare ni da injin a hannu, ba ni da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan. Abin da ya faru ke nan.

Tun da na dawo, duk wanda ya zauna a teburin shayin unguwarmu Misfala sai ya ce in ba shi labari. Wasu har sun fara bayar da shi ba na wurin. An ce tukunyar zinare na haƙo. An ce na kwana a tarhil, gidan da ake tara marasa takarda kafin a mayar da su ƙasarsu. Duk ƙarya ne. Ni ban yi makaranta ba, kuma ba na son maimaita magana. Shi ya sa na zaunar da Malam Iro tela, ina faɗa yana rubutawa. Na ce masa kada ya ƙara gishiri. Wanda ya sake tambayata, a miƙa masa wannan.

Sunana Mamman. A gida, can ƙasar Haɗeja, haƙar rijiya ce sana'ata. A nan na tura keken marasa ƙarfi a Harami har gwiwata ta ƙi. Yanzu tsofaffin ƙarafa nake tarawa a kura ina kai wa masu awo. Matata Hajiya Rabi tana soya ƙosai da safe, mutanen unguwa suna saya.

'Yan kunnen na Inna ne, mahaifiyarta. Inna a nan ta rasu. Kun san maƙabartar garin nan, ba suna, ba alama, mata ma ba sa shiga. Ni da na sa ta a rami da hannuna, yau ba zan iya nuna wurin ba. To abin da ya rage wa Hajiya na uwarta ke nan. Ba su da wani nauyi. Ɗaya ma ƙugiyarsa ta karye, da jan zare take ɗaure shi.

Bayan ƙaramar Salla, maƙwabciyarmu Ummu Faisal ta kwashi matan gidan zuwa bakin teku a Shu'aiba shan iska. Ita haifaffiyar nan ce, kakanninta ne suka zo daga Kano da ƙafa. Ɗanta Faisal ne ya ja su a motarsa. Hajiya ba ta taɓa shiga teku ba. Ta ga mata suna shiga har gwiwa da abayoyinsu, ta yi sha'awa. Sai ta ji tsoron kada ruwa ya tsinke jan zaren. Ta cire 'yan kunnen, ta ɗaga kusurwar tabarma, ta tona yashi, ta binne. Haka Inna take yi a gida, duk abin da take ji da shi ƙarƙashin randa take binne shi. Amma randa ba ta tashi daga inda take. Tabarma kuwa, da La'asar ta yi mata suka ja ta suka juya ta alƙibla. Da inuwar mota ta matsa suka sake ja. Yara suka yi ta guje-guje a wurin. Da aka tashi tafiya ta ɗaga kusurwa ta tona, yashi kawai. Suka taru suka yi ta tono da hannu har aka kira Magariba. Babu.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta daina soya ƙosai. Ta daina yi mini faɗa a kan takalmin da nake shigowa da shi ɗaki. In tana zaune sai in ga hannunta ya tafi kunne, ya taɓa, ya dawo. Na jure kallon wannan iya yadda zan iya. Rannan na ce mata, "Zan je."

"Ina?"

"Inda kika binne su."

"Malam, kai da ko Jidda ba ka zuwa? In aka kama ka a hanya fa? In rasa Inna, in rasa 'yan kunne, kai ma in rasa ka?"

"Ni ba a binne ni ƙarƙashin tabarma ba. Faɗa mini wurin."

Ta yi tunani. Ta ce, "Akwai wata jar mota a tsaye daidai wurin."

Na dube ta, ta dube ni. Ranar ce bakinta ya fara yin abin da ya yi kama da dariya.

Faisal ne ya kawo maganar injin. Magidanci ne, direba, da 'ya'yansa. Hausarsa rabi ce, in ta ƙare masa sai ya cike da Larabci. Ya ce, "Ya ammi, akwai wani inji, yana jin zahab a cikin ƙasa. Wallahi na gani a waya." Ammi baffa ke nan, zahab kuma zinare. Na san inda zan samu. Akwai Abdu ɗan Yaman, mai awon ƙarfe a Ka'akiyya, wanda nake kai wa kaya. Na sha ganin irinsa a rataye a rumfarsa. Cikin tarkacen wasu masu shimfiɗa bututu ya zo masa.

Abin kamar sandar gurgu yake, an manna masa faranti a ƙasa. Abdu ya sa masa batir. Ya jefa gwangwanin lemo a ƙasa, ya wuce da farantin ta kansa, sai injin ya yi gurnani. Ya cire zoben azurfarsa ya jefa, sai ya yi ƙara siririya kamar kukan ɗan tsako.

"Ka ji?" in ji shi. "In ya yi gurnani, gwangwani ne, shara ce, ka wuce. In ka ce za ka tona kowane gwangwani, a can za ka tsufa. In ya yi siririya, tona."

"Na ji."

"Kuma mamnu' ne, ya Muhammad. An hana. In aka kama ka, ba ka san ni ba."

"Dama ban san ka ba."

Ya yi dariya, ya naɗe mini shi a tsohon bargo.

Na ce ba zan je teku da abin da ban iya ba. Akwai hadiƙa a bayan rumfar Abdu, wurin shan iskan nan mai ciyawa da lilon yara. Da hantsi ba kowa. Muka shiga ni da Faisal. Injin ya yi ta gurnani ko'ina, ashe bututun ban-ruwa ne a ƙarƙashin ciyawar. Kusa da lilo sai ya yi siririya. Na durƙusa, na sa wuƙa na ɗaga ciyawa kamar faɗin tafin hannu. Awarwaron yarinya ne, ɗan ƙarami, na azurfa.

Ban miƙe ba sai ga mai kula da wurin, ɗan Bangaladash, ya taho a guje da tiyo a hannu. "Mamnu'! Mamnu'! Baladiyya!" Ya nuna ramin, ya nuna wuyansa. Ciyawar ta hukumar gari ce. Ba a tonawa, ba a cirewa, ba a shigowa da irin wannan inji. In aka ga rami, shi za a kama da laifi. A gida na haƙa rijiyar da in kana ƙasanta sama kamar bakin kwarya take, ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Mai unguwa ya nuna wuri da sanda, liman ya yi addu'a, shi ke nan. A nan ramin da bai kai na kaza mai birgima ba ya sa mutum yana rawar jiki. Ban ga laifinsa ba. Shi ma abinci ya zo nema. Na mayar da ciyawar, na danne da ƙafa, na karɓi tiyonsa na ba ta ruwa. Ya huce.

Wani tsoho Balarabe yana zaune a benci da carbi, duk yana kallonmu. Ya yafito ni.

"Mene ne a hannunka?"

Na nuna masa.

"Naka ne?"

"A'a."

"To ka san inda kake tsaye? Nan cikin Harami ne. Tsintuwar Makka ba a ɗauka, sai wanda zai yi ta cigiya har mai ita ya zo."

Na sani. Duk wanda ya tura keke a Harami ya sani. Na sha ganin waya da jaka a ƙasa in tsallake. Na ce, "Na sani, ya ammi. Gwaji nake yi."

"Gwaji da kayan 'yar mutane?"

Gaskiyarsa. Na ba mai tiyo awarwaron, ya rataye shi a ƙofar ɗakinsa inda masu shigowa za su gani. Tsohon bai daina kallona ba sai da ya ga an rataye.

Ranar Alhamis muka kama hanya. Hajiya ta ba ni ƙullin dabino da gorar Zamzam. Injin yana bayan mota cikin bargo. Faisal ya ɗora masa tabarmi da kujerun roba da bokitan wasan yaransa, muka zama kamar masu zuwa shan iska.

Fita daga Makka ba wuya. Ba mai tambayar wanda zai fita. Shigowa ce magana. Da muka wuce alamun iyakar Harami, na juya na kalli shingen 'yan sanda a ɗaya hannun, motoci a jere ana leƙa su. Na ce a raina, gobe ke nan. Rabona da tsallake wannan iyaka tun gemuna yana baƙi.

Muka ci ful, dafaffen waken nan nasu, da burodin tamis a wani gidan mai. Gaba kaɗan wani makiyayi ɗan Sudan ya kafa rumfa a gefen titi yana sayar da nonon raƙumi, da ɗuminsa da kumfarsa. Faisal ya ce sai mun sha, magani ne. Na kurɓa na ajiye. Shi ya shanye kwano ya ƙara. Na ce, "Faisal, wannan ba nonon kanti ba ne."

Ya ce, "Ammi, ni ɗan ƙasa ne."

Makiyayin ya kalle ni ya yi murmushi. Ba mu yi nisa ba ɗan ƙasa ya taka birki ya ruga bayan dutse. Haka muka yi ta tsayawa. Hanyar da ba ta da wani nisa ta cinye mana yini.

Teku ana jin warinsa kafin a gan shi. Malam Iro ya ce in faɗi yadda yake. Ruwa ne, da yawa. Rubuta haka. Faisal ya ce, "Ammi, ka taɓa ganin bahar?" Na ce na taɓa. Ta Sudan na shigo ƙasar nan, a jirgin katako, ina saurayi. Ba duka muka sauka ba.

Bakin ruwan a cike yake. Kowa ya kawo motarsa har gaɓa, ya ɗaura labule tsakanin mota da mota don kada a ga iyalinsa, ya shimfiɗa darduma, ya hura gawayi. Mutane su baro gida mai sanyi su zo su zauna a yashi suna kallon ruwa. A gida in ka ga mutum a bakin kogi, wanki ne ya kai shi, ko su, ko shayar da shanu. Jajayen motoci kuwa, duk inda na juya sai na ga ɗaya. Faisal ya nuna wani fili tsakanin wata rusasshiyar rumfa da tulin duwatsu. Ya ce, "A nan muka zauna. Taƙriban." Wai kusan nan ne. Na san taƙriban ɗin mutanen nan. Filin ya kai gonar gyaɗa.

Ba yadda za a fito da injin a gaban jama'a. Sai da safe.

Gidajen saukar baƙi na wurin sai da katin shaida, na kowa da kowa. Faisal ya ce to mu kwana a mota. Muna wannan gardama a ƙofar masallacin masunta bayan Magariba, wani ya ji ina yi masa faɗa da Hausa, ya juyo.

"Bawan Allah, daga ina?"

Garba sunansa, Basarke daga Yawuri, yana aiki a jirgin kamun kifin wani Balarabe. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da na ƙoshi. Ya ja mu ɗakinsu, na kwano ne da katako, shi da wasu 'yan Indiya, raga a rataye ko'ina. Ya dafa mana sayadiyya, shinkafar da ake dafawa da romon kifi da albasar da aka soya har ta yi duhu. Kamar dafa-dukan gida take, sai dai ba manja, ba daddawa. Garba ya jawo wata 'yar kwalba daga ƙarƙashin katifa. Yajin ƙuli ne, daga gida. Ya ce ba kowa yake buɗe wa ba. 'Yan Indiyan suka ɗanɗana suka ce ba yaji. Faisal ruwan shayi kawai ya sha.

Da Garba ya ji labarin injin sai ya tsame hannu daga tire. "Yaya Mamman, masu tsaron gaɓa suna zagaya wurin nan safe da yamma. Nan tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, tun kafin Jidda. Sun ce duk abin mutanen da da ke cikin ƙasa na hukuma ne. Akwai masu zuwa da irin injin nan neman dukiyar da aka binne, ana kwashe su. Sai da izini a rubuce, kuma ba irinmu ake ba shi ba."

"Ni ba dukiyar mutanen da nake nema ba. Ta surukata ce."

"Injin bai rubuta haka a goshinsa ba. Ka bar wa mai katin nan ya yi."

Faisal ya ce zai yi. Na ce a'a. In aka kama shi da injin a hannu aikinsa zai tafi, ga yara. Kuma matata ce.

Garba ya girgiza kai. "To ku yi sammako. Juma'a ce, mutane ba sa fitowa da wuri."

Gari na wayewa muka isa. Filin ba kowa sai tsuntsaye da sharar jiya. Na raba shi kamar kunyoyin gona, in tafi in dawo. Injin bai yi shiru ba. Gurnani a nan, gurnani a can. Gwangwanin da mutanen nan suke bari a yashi, Allah kaɗai ya san yawansa. Na bi maganar Abdu, ina wucewa. Sai dai ina da wata al'ada tun ta haƙar rijiya. Duk inda na gwada na bari, sai na ja masa layi da diddige, don kada in dawo kansa. Haka na yi ta yi, ban ma lura ina yi ba.

In ya yi siririya sai in durƙusa in tona da ɗan shebur ɗin yaran Faisal. Na sami makulli. Na sami zoben azurfa na namiji. Na sami cokalin shayi da sarƙar wuyan yaro. Ba nawa ba ne. Na shimfiɗa hankici a kan dutse ina jera su. Faisal ya ce, "Ammi, nan ba Harami ba ne. Sa a aljihu."

Na ce, "Hannuna bai san inda iyakar take ba."

'Yan kunne babu. Rana ta ɗaga. Gwiwata ta fara magana. Na gama filin kaf, na koma farko.

Ban ji zuwan motar ba. Faisal ne na ji ya ce "Ya Allah" a hankali. Mota ce mai launin yashi, mutum biyu a ciki da kaki. Ɗaya matashi, ɗaya babba, baƙi kamar ni, da furfura a gefen kai. Gudu bai zo mini ba. Ina zan je? Gaba teku, baya hamada, gwiwa ɗaya. Na ajiye injin a ƙasa na tsaya.

Matashin ya ɗauki injin. Ya ce, "Izini?" Babu. Ya karɓi katin Faisal ya duba. Ya juyo kaina.

"Iƙama."

Ba ni da ita. Ba jirgin da za a saka ni ne ya dame ni ba. Ɗakinmu na gani, Hajiya zaune ita kaɗai. Wa zai hau mata da tukunyar gas saman benen nan? Wallahi abin da ya zo mini ke nan.

Faisal ya buɗe baki, Larabci ya yi ta zuba. Baffana ne, tsoho ne, matarsa, uwarta, zahab. Babban ya ɗaga hannu. "Ɗaya bayan ɗaya. Injin tukuna." Ya taka zuwa wurin dutsen ya tsaya a kan hankicin. Ya taɓa zoben da yatsa.

"Waɗannan fa?"

"Na mutane ne."

"Me ya sa ka jera su?"

"Don masu su."

"Daga ina kake?"

"Makka."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Duk wanda muka kama da injin nan, abin matarsa yake nema. Kira ta, kowa ya ji. Kada ka gaya mata komai. Ta faɗi kamanninsu."

Faisal ya kira, ya buɗe muryar waya.

"Malam? Lafiya? An samu?"

"Hajiya, faɗi yadda suke."

"Kai ba ka san su ba? Duk shekarun nan me kake kallo? Ƙanana ne, ɗaya da jan zare. Suna cikin gwangwanin."

"Wane gwangwani?"

"Gwangwanin man zafin Inna mana. To da a ina zan sa su? Haka kawai zan zuba zinare a yashi?"

Na rufe ido.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Wuri ka ce in faɗa, na faɗi wuri."

Sai na ji dariya a gefena. Babban ne. Ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo sai ya yi magana da wata Hausa mai nauyi, wadda ko ta Faisal ba ta kai ba. "Kakata ma. Gwangwani. Komai gwangwani. Allura, kwalli, zahab."

Hajiya ta ce daga cikin waya, "Wane ne wannan? Sannu, ɗan nan."

Ya ce, "Yawwa, Hajiya."

Matashin yana kallonmu, bai gane komai ba.

Na gaya wa babban tun safe nake tsallake gwangwanaye. Injin yana gaya mini, ni kuma an ce mini gwangwani shara ne. Na roƙe shi ya ba ni injin in zaga sau ɗaya. Ya koma Larabci, fuskar aiki ta dawo.

"A'a. Injin an hana, kuma ya tafi ke nan. Doka ce, ba ni na yi ta ba. Wannan zai sa hannu a kan ba zai sake kawo irinsa ba." Ya nuna Faisal. Sannan ya kalli yashin. "Amma yara kullum suna tona wurin nan da hannu, ban taɓa kama ko ɗaya ba. Rubutun zai ɗauke mu lokaci. Ni ba na sauri a rubutu."

Na juya na dubi filin. Ga layukan diddigena nan birjik, iska ba ta share su ba tukuna. Na cire takalmi, na durƙusa a kan na farko.

Gwangwanin lemo. Na gaba, gwangwanin kifi. Na gaba, lemo. Yashin ya fara zafi. Wani murfi ya yanke ni a yatsa, na ci gaba. Na haƙa ƙasa mai tauri a rayuwata, na fasa dutse a ƙasan rijiya, ban taɓa haƙa da tsoro irin na ranar ba. Ina jin matashin yana cewa sun daɗe, babban yana cewa a sake karanta masa daga farko. Mutane suka fara isowa. Wata mota ta bi ta kan layukan gefe ta shafe su. Ban ɗaga kai ba.

Kusa da rusasshiyar rumfar, wurin da na wuce tun farkon safiya, yatsana ya taɓa wani abu mai faɗi, zagayayye. Na san shi kafin in gan shi. Fentinsa ya goge tun Inna tana da rai, gefensa a lotse. Na kai shi kunne na girgiza. Ya amsa.

Babban ya ce in buɗe. Na buɗe. Warin man zafi ya fito. Ga su a kan 'yar auduga, ga jan zaren. Ya leƙa ya ce masha Allah. Matashin ma ya leƙa. Sannan ya tuna, ya buɗe baki zai koma maganar iƙama. Babban ya riga shi.

"Kwashe kayan hankicin nan ka kai mota, a rubuta su cikin tsintuwa. Ɗaya bayan ɗaya. Kada ka bar ko cokali."

Da matashin ya tafi, babban ya matso kusa da ni. "Baba, tafi gida. Kar ka dawo nan."

"Ko kai ka kira ni ba zan dawo ba."

Na buɗe masa ƙullin dabinon Hajiya, ya ɗauki ɗaya. Ban tambayi sunansa ba, bai tambayi nawa ba. Haka ya fi mana.

Garba ya ƙi barinmu mu tafi haka. Ya cika mana kula da kifi, ya ce na Hajiya ne. Ƙanƙarar ba ta da yawa. Muka tsaya sallar Juma'a a wani ƙauye, mota a rana. Kafin mu kai shingen shiga Makka ƙanƙara ta zama ruwa, ruwan ya malale cikin mota. Na sa gwangwanin a aljihun ƙirji na dafe, ina karanta abin da na iya. Layi ya zo kanmu. Ɗan sandan ya karɓi katin Faisal, ya sunkuyo zai leƙa ciki. Ƙarnin ya same shi a fuska. Ya ja da baya, ya miƙo katin daga nesa. "Yalla, yalla." Da muka hango hasumiyar agogo sai Faisal ya juyo. Ya ce, "Ammi, motata ta mutu." Na ce a wanke.

Muka biya ta Ka'akiyya na gaya wa Abdu injinsa ya tafi. Ya ce, "Wane inji? Ni ban san ka ba." Sannan ya zuba mini shayi. Na ce masa karatunsa na gwangwani ba ya aiki a kan matan Hausa.

Hajiya tana tsaye a ƙofa a saman bene. Na miƙa mata gwangwanin. Ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe, ta shinshina, ta rufe. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Na zauna a matakala na ba ta lokacinta. Da ta fito suna kunnenta, idonta jawur. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta daɗe a kan yatsuna. Sannan ta ce, "Malam, da wannan takalmin za ka shigo mini ɗaki? Duk yashi?"

Na cire.

Yanzu ina nan Misfala, ɗakinmu na saman bene, bayan shagon Malam Iro. Takarda har yau babu. Da safe in tura kurata, in na dawo akwai ƙosai. Gwangwanin yana ƙarƙashin jarkar Zamzam, inda ba mai ja. Ni da teku mun gama.